Ƙiriniya ce ko lalura? Yadda ake tantance ADHD a Saudiyya, mataki bayan mataki

Sau da yawa ba iyaye ne ke fara lura ba. Makaranta ce ke aiko da saƙo, ko murshidin ɗalibai, wato malamin da ke ba ɗalibai shawara, ya kira uba ya ce yaron nan ba ya zama a kujera, ba ya gama aikin aji, kullum sai ya ɓatar da fensir ko littafi, a kai shi a duba. Daga nan sai gida ya rabu biyu. Wani ya ce ƙuruciya ce, wani ya ce sangarta ce, wani kuma ya ce a je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a huta.

Lalurar da ake zargi ita ce ADHD, wato matsalar kasa tsayar da hankali, yawan motsi da garaje. A asibitocin Makka, Jidda, Madina da Riyad sunan da za ku ji shi ne farɗul haraka wa tashattutul intibah, kuma shi za ku faɗa wa mai karɓar marasa lafiya. Tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya, da manya kamar 2 zuwa 3 cikin 100, kuma gado na da babban hannu a cikinta.

Abu ɗaya ya kamata a sani tun kafin a kashe riyal ko ɗaya. Babu gwajin jini, babu hoton ƙwaƙwalwa, babu gwajin kwamfuta da shi kaɗai zai ce yaro yana da ADHD ko ba shi da ita. Likita yana yanke hukunci ne daga tarihin yaron da shaidar mutanen da ke ganinsa kullum. Gwaje-gwajen aikin ƙwaƙwalwa na da amfaninsu, za mu zo kansu dalla-dalla, amma tallafa wa hukuncin suke yi.

Sharuɗɗan da likita ke bi

Littattafai biyu ake dogaro da su: DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013 aka yi masa gyara a 2022, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya. Saudiyya kuma tana da nata kundin jagorancin likitoci kan ADHD da aka fitar a 2020, wanda aka gina shi a kan na NICE, hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila, da sa hannun Ishraƙ, ƙungiyar da ke kula da lamarin ADHD mai mazauni a Riyad.

A DSM-5 alamomin guda 18 ne, an kasa su gida biyu. Tara na rashin mai da hankali: kuskuren ganganci a aiki, kasa daɗewa a kan abu ɗaya, yi kamar ba ya ji ana yi masa magana, fara aiki a bar shi a hanya, kasa tsara kaya da lokaci, gudun duk abin da ke buƙatar dogon tunani, yawan ɓatar da kaya, saurin shagala, da mantuwa. Tara kuma na motsi da garaje: mutsu-mutsu a zaune, tashi daga kujera, guje-guje da hawa inda bai dace ba, kasa wasa a natse, zama kamar an kunna masa inji, surutu, amsa tambaya kafin a gama ta, kasa jiran layi, da katse mutane.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 17 sai an samu aƙalla 6 cikin 9 a gida ɗaya ko duka biyun. Daga 17 zuwa sama, 5 sun isa. Amma ƙirga alamomi shi ne mafi sauƙin aikin. Dole alamomin su kai wata 6 suna nan. Dole wasu daga ciki sun bayyana kafin shekara 12. Dole a gan su a wuri biyu ko fiye, misali gida da makaranta. Dole su zama suna cutar da karatu ko zaman tare, su kuma wuce abin da aka saba gani ga sa'o'insa. Sannan kada a samu wani dalili da ya fi bayyana su. Yaron da ke hargitsa aji amma lafiya lau yake a gida da halƙar haddar Alƙur'ani, to a fara bincikar ajin.

Mataki na farko: mako biyu kafin ganin likita

Ku samu ƙaramin littafi. Kowace rana a rubuta lokacin da yaron ya yi barci na gaskiya, ba lokacin da aka ce ya je ya kwanta ba, da lokacin tashinsa, da awannin da ya yi a kan waya ko talabijin, da abin da ya faru wajen aikin gida na makaranta: minti nawa ya ɗauka, sau nawa ya tashi.

Maganar barcin nan ba ƙarama ba ce a ƙasar nan. Rayuwar dare ce ake yi, ziyara da kasuwa da cin abinci duk bayan isha'i, alhali makaranta na buɗewa wajen ƙarfe 7 na safe. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 na barci, matashi kuma 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare ya tashi da asuba ba lalle a ga yana gyangyaɗi ba. Yara in barci bai ishe su ba sukan ƙara rawar kai da saurin fushi, daidai da abin da ake gani a ADHD. In littafin ya nuna awa 6 ko 7 yake samu, a gyara wannan na tsawon wata guda a ga abin da ya rage.

A wannan lokacin a kai shi gwajin ido da na ji. A tattara sakamakon makaranta na shekarun baya, da katin rigakafi, da littafin rubutunsa na Larabci da na lissafi, irin wanda ya yi da hannunsa ba wanda yayarsa ta taya shi ba.

Mataki na biyu: wa za a gani

Masu yanke hukunci su ne likitan ƙwaƙwalwa na yara da matasa, likitan yara da ya ƙware a girma da halayya, ko likitan jijiyoyi na yara. Masanin halayyar ɗan'adam shi ke gudanar da gwaje-gwaje ya rubuta rahoto, amma ba ya rubuta magani. Mai damar asibitin gwamnati yakan fara daga markazin lafiya na unguwa, ana kama lokaci ta manhajar Sehhaty, daga can a tura shi gaba. Mai iƙama da inshorar wurin aiki ya tambayi kamfanin inshorar tun farko ko suna biyan kuɗin gwajin, domin ganin likita daban, gwajin masanin halayya daban, kuma na biyun ya fi tsada. A cibiya mai zaman kanta ba laifi ba ne ku nemi ganin shaidar rajistar mai gwajin da hukumar tantance ma'aikatan lafiya ta Saudiyya.

Duk cibiyar da ta ce za ta gano ADHD da taswirar igiyoyin ƙwaƙwalwa cikin minti 20, ta kuma sayar muku da zama 40 na gyara, ku riƙe kuɗinku.

Mataki na uku: hirar tarihi

Nan ne zuciyar aikin. Hira ta ƙwarai takan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma uwa ce ya kamata ta fi yawan magana in ita ke wuni da yaron. In Larabcinta bai kai ba, a zo da babban mutum amintacce ya fassara. Kada a sa yayan yaron ko yayarsa, don akwai tambayoyin da ba za a amsa su da gaskiya a gaban 'ya'ya ba.

Za a fara daga ciki da haihuwa: bakwaini ne, nauyinsa nawa, ya yi kuka nan take, an kwantar da shi, ya yi shawara mai tsanani. Sai lokacin da ya fara tafiya da magana. Sai cututtukan da ya yi. Wanda ya taso a Najeriya, Nijar ko Sudan kafin a zo da shi, ku ambaci sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya kai shi suma ko jijjiga, ko da likitan bai tambaya ba, domin ba kowane likita a nan ne zai kawo su a ransa ba, kuma dukansu na iya barin tabo a hankali da riƙon karatu. Haka buguwa a kai da ta sa ya fita hayyacinsa.

Za a tambayi dangi. Sau da yawa kaka kan ce, “Ku ƙyale shi, ubansa ma haka ya yi.” Ita tana kawo wannan ne don ta kashe maganar, amma a wurin likita hujja ce da ke ƙarfafa zargi, don haka a faɗa masa.

Za a kuma tambayi zaman gida: rabuwar aure, rasuwa, ƙaura daga unguwa zuwa unguwa, fargabar takardun zama, duka a gida ko a makaranta. Iyaye kan ɓoye waɗannan saboda kunya ko tsoro. Illar ɓoyewar ita ce yaron da damuwa ke cinsa zai iya fita da sunan lalurar da ba tasa ba.

Wajen ba da amsa, a guji kalmomin dunƙule irin su “ba ya ji” ko “ya cika ƙiriniya”. A kawo abin da ya faru. An aike shi ya ɗauko abu uku daga ɗaki, ya dawo da ɗaya. Ya tsallaka titi bai duba ba har sau biyu a wata guda. Aikin gida na minti 15 yana cin awa ɗaya da rabi. Irin wannan likita ke iya aunawa da shekarun yaron.

Abu biyu kan ruɗi iyaye a nan. Na farko, yaro ya zauna tsit a gaban likita, sai uba ya ce ka gani, lafiyarsa ƙalau. Sabon wuri da baƙon mutum ɗaya da ya zuba masa ido kan tsayar da mai ADHD na ɗan lokaci, shi ya sa ba a yanke hukunci da abin da aka gani a ofis. Na biyu, “ai yana awa uku a kan wasan waya bai motsa ba.” Wasan waya na ba da lada kowace daƙiƙa. Matsalar mai ADHD tana fitowa ne a aikin da ba shi da daɗi, wanda ladarsa ke nesa.

'Yan mata kuwa sukan wuce ba a gane su ba. Yawancinsu ba sa tada aji, sai dai a ga yarinya shiru, hankalinta na wani wuri, a ce mai kunya ce ko ba ta da ƙoƙari. A tambaya game da ita da irin natsuwar da ake tambaya game da ɗan'uwanta.

Mataki na huɗu: takardun tambayoyi na gida da makaranta

Waɗanda aka fi amfani da su su ne Vanderbilt, Conners da SNAP-IV. Vanderbilt na yara 'yan shekara 6 zuwa 12 ne, kuma akwai shi da Larabci. Na iyaye tambaya 55 ne, na malami 43. Kowace alama ana ba ta maki daga 0 zuwa 3: bai taɓa ba, jefi-jefi, sau da yawa, kusan kullum. Maki 2 ko 3 ne kawai ake ƙirgawa a matsayin alamar tana nan. Tambayoyi 9 na farko na mai da hankali ne, 9 na biye na motsi da garaje, sauran suna leƙa taurin kai, munanan ɗabi'u da damuwa. A ƙarshe akwai sashen da ke auna karatu da mu'amala daga 1 zuwa 5, kuma sai an samu 4 ko 5 a aƙalla wuri ɗaya kafin a ce takardar ta nuna matsala.

Conners yana ba da sakamako da makin T, inda 50 ne matsakaici. Daga 65 an fara ɗaga gira, domin yaron ya wuce kusan 93 cikin 100 na sa'o'insa a wannan alamar, 70 kuma ya yi yawa ƙwarai.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. A ba malami takarda a makon farko na shekarar karatu, bai ma riƙe sunan yaron ba; a bari ya yi aƙalla wata ɗaya zuwa biyu da shi. Uwa da uba su zauna su cika takarda ɗaya suna ja-in-ja. Gara kowa ya cika tasa, bambancin da ke tsakani ma bayani ne. A cika ta a ranar da yaron ya fasa wani abu rai na ɓace. Ko a ba malami ɗaya kawai, alhali malamai biyu sun fi, musamman na darasin da yake so da wanda ba ya so. Malamin halƙa a masallaci shaida ne mai daraja da ake mantawa da shi: yana ganin yaron zaune cikin sa'o'insa, yana jiran a zo kansa, yana maimaita abu ɗaya, wato duk wuraren da lalurar ke bayyana.

In gida ya ce akwai, makaranta ta ce babu, ko akasin haka, ba a zaɓar wanda za a gaskata. Ana komawa a tambayi dalili.

Mataki na biyar: kawar da masu kama da ita

Likita zai auna tsawo, nauyi, bugun zuciya da hawan jini, ya duba kunne da maƙogwaro. Gwajin jini ba dole ba ne ga kowa, sai in tarihi ya nuna. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini na rage kuzarin hankali. Yaron da ke da sikila yana iya samun ƙananan toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ba a gani a zahiri sai a karatu, shi kam hoton ƙwaƙwalwa na da dalili a kansa. Gubar dalma ma na kawo haka, kuma wasu nau'o'in kwalli na gargajiya da ake sa wa jarirai suna ɗauke da ita. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci na nuna kumburin naman maƙogwaro ko na bayan hanci, wanda aikin likitan kunne da hanci ne.

Akwai wata farfaɗiya da ba a faɗuwa. Yaro kan tsaya cak, ido a buɗe, na kimanin daƙiƙa 10, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, sau da yawa a yini. Bambancinta da shagala shi ne mai shagala in an taɓa shi ko an kira sunansa da ƙarfi zai juyo, wannan kuwa ba zai juyo ba. A nan ne gwajin igiyoyin ƙwaƙwalwa, EEG, ke da amfani. In za ku iya ɗaukar bidiyon abin da waya, ku kai wa likita.

Sai fargaba, ciwon damuwa, otizim wanda ake kira tawahhud a nan, jinkirin fahimta, da matsalar karatu ko lissafi ta musamman. Waɗannan na iya zama su ne asalin matsalar, suna kuma iya zuwa tare da ADHD, domin fiye da rabin masu ita suna da wata lalurar a gefe. A duba watan haihuwa ma: yaron da ya fi kowa ƙanƙanta a ajinsa an fi saurin ɗora masa wannan suna, alhali watanni ne kawai ya rage masa ya kamo saura.

Masu son haɗawa da addu'a da ruƙya, ba abin da ya hana. Sai dai kada a jinkirta duba kunne da barci da farfaɗiya har shekarar karatu ta wuce.

Mataki na shida: gwajin aikin ƙwaƙwalwa

Ba kowane yaro ke buƙatarsa ba. In tarihi a fili yake, gida da makaranta sun yi daidai, karatunsa bai faɗi ƙasa da ajinsa sosai ba, likita na iya yanke hukunci ba tare da shi ba. Ana nemansa ne in ana zargin matsalar karatu ko jinkirin fahimta, in shaidu sun saɓa, in akwai tarihin cutar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, in magani bai yi aiki ba, ko in makaranta na son rahoto kafin ta ba da tallafi.

Yakan ci awa 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kuma ga ƙaramin yaro gara a raba shi zama biyu. A kama lokacin safe. Ya yi barci sosai, ya karya kumallo, ya zo da tabarau in yana sawa. Ban da shayi mai kauri, gahawa ko lemon ƙara kuzari. Kada a sa shi cikin Ramadan ko makon farko bayan Sallah, lokacin da barcin gida ya juye. In yana shan maganin ADHD, a tambayi mai gwajin ko a sha a ranar. Kada kuma a ce masa jarrabawa ce. A ce za a yi wasu ayyuka ne don a ga yadda ya fi gane karatu.

Ana farawa da gwajin basira. Wechsler na yara, WISC-V, na 'yan shekara 6 zuwa 16 ne, yana ɗaukar awa ɗaya ko ɗan fiye, yana kuma fitar da ma'auni biyar: fahimtar magana, fahimtar siffofi, warware sabuwar matsala, riƙe bayani a kai ana aiki da shi, da saurin aiki. Matsakaici 100 ne. 85 zuwa 115 shi ne inda yawancin yara suke, 70 kuwa yara 2 cikin 100 ne kawai ke ƙasa da shi. Cibiyoyi da yawa a ƙasashen Larabawa suna amfani da Stanford-Binet bugu na biyar a maimakonsa. Masu ADHD sukan yi ƙasa a riƙe bayani, kamar maimaita lambobi daga baya zuwa gaba, da kuma saurin kwafar alamomi, amma ba dukansu ba, kuma marasa ADHD da yawa suna nuna hakan.

Sai gwajin dogon sa-ido a kwamfuta, wanda da gangan aka yi shi mai gundura. A Conners CPT 3, na 'yan shekara 8 zuwa sama, haruffa na fitowa na minti 14, yaro yana danna maɓalli ga kowane harafi ban da X. TOVA yana ɗaukar kusan minti 22, kuma siffofi yake nunawa ba haruffa ba. QbTest na haɗa irin wannan da kyamara mai bin motsin kan yaro, minti 15 ga yara, 20 ga manya. Abu huɗu ake dubawa: sau nawa ya bar abin da ya kamata ya danna, wanda ke nuna shagala, sau nawa ya danna inda bai kamata ba, wanda ke nuna garaje, saurin amsarsa, da yadda saurin ke hawa da sauka. Na ƙarshen nan, wato amsa ta zo da sauri yanzu, an jima ta makara sosai, yana cikin alamomin da aka fi samu ga masu ADHD.

Daga nan sai gwaje-gwajen jan ragamar kai. A Stroop ana rubuta sunan launi da tawadar wani launi, a ce yaro ya faɗi launin tawadar. A Trail Making yana haɗa lambobi da layi, a kashi na biyu yana sauyawa tsakanin lamba da harafi. A gwajin katunan Wisconsin ana canza ƙa'idar rarraba kati ba tare da an gaya masa ba, a ga ko zai gane ya sauya. Akwai kuma takardar BRIEF da iyaye da malamai ke cikawa kan tsari da mantuwa a rayuwar yau da kullum. A ƙarshe a gwada karatu, rubutu da lissafi.

Harshe shi ne ramin da 'ya'yanmu suka fi faɗawa. Duk waɗannan maki ana samunsu ne ta kwatanta yaro da wasu yaran da aka gwada a harshe ɗaya da tsarin makaranta ɗaya. Yaron da aka haifa a Makka, a Shara Mansur ko Hindawiyya, sau da yawa Larabcinsa ya fi Hausarsa, shi ba damuwa. Amma wanda aka kawo daga Kano ko Damagaram shekara biyu da suka wuce, yana iya yin ciniki da wasa da Larabci, bai kai ga Larabcin littafi ba. A gwada shi da shi, makin fahimtar magana zai faɗi. Maimaita lambobi ma zai faɗi, domin yawan lambobin da mutum ke riƙewa ya danganta da harshen da ake faɗarsu da sabonsa da shi. Stroop ba ya aiki sai ga wanda karatu ya zame masa jiki. Kashi na biyu na Trail Making yana buƙatar jerin haruffa a ka.

Saboda haka ku gaya wa mai gwajin tun farko harshen gida, shekarar da yaron ya fara Larabci, da harshen makarantarsa ta baya. Ku nemi a ƙara da gwajin da ba ya dogara da magana, kamar Raven ko Leiter-3, a yi amfani da TOVA maimakon mai haruffa, da Color Trails mai launuka maimakon Trail Making. Fassara tambayoyin basira nan take da bakin ɗan'uwa ba mafita ba ce, tana rushe ma'aunin gaba ɗaya. Rahoton da bai ambaci harshen yaro ko sau ɗaya ba, a karɓe shi da taka-tsantsan.

Karanta rahoto

Rahoto mai kyau zai faɗi waɗanda aka ji daga bakinsu, alamomi nawa aka samu a kowane gida, tun yaushe, a ina, da abin da aka kawar. Zai faɗi nau'in: wanda rashin mai da hankali ya fi yawa, wanda motsi da garaje suka fi yawa, ko haɗe. Zai kuma kawo shawarwarin da malami zai iya aiki da su gobe: zama a gaba nesa da taga, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, gutsura dogon aiki, ƙarin lokaci a jarrabawa, ko shiga ɗakin tallafi da ake kira gurfatul masadir in akwai matsalar karatu.

Sakamakon kwamfuta mai kyau bai wanke yaro ba, mara kyau kuma bai kama shi ba. In tarihi da kwamfuta sun saɓa, tarihi ne ke rinjaye. Kada kuma a garzaya wata cibiya a maimaita gwajin basira iri ɗaya cikin 'yan watanni don neman maki mafi daɗi; yaro ya riga ya san tambayoyin, ana barin aƙalla shekara guda.

Manya

Sau da yawa uba ko uwa na cika takardar ɗansu sai su ga kansu a ciki. Ga babba ana farawa da takardar tambayoyi ta ASRS mai tambaya 18. In 4 cikin 6 na farko sun kai iyakar da aka sa, sai a zurfafa da doguwar hira irin DIVA-5. Wahalar ita ce tabbatar da cewa abin ya faro tun kafin shekara 12, don haka a kira mahaifiya ko babban wa a gida a tambaya. Direba ko mai tsaron shago da ke aikin dare, a fara da barcinsa. A kuma tambayi damuwa da shaye-shaye ba tare da kwana-kwana ba.

In an tabbatar

Ga yaro ƙasa da shekara 5 ko 6, horar da iyaye kan tafiyar da halayya ake farawa da shi. Ga wanda ya girmi haka, in gyaran gida da aji bai wadatar ba, maganin farko yawanci methylphenidate ne, wanda aka sani da Ritalin ko Concerta. Akwai kuma atomoxetine, mai ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa. Kafin a fara, a rubuta tsawo, nauyi, bugun zuciya da hawan jini, a kuma faɗa wa likita in yaron ya taɓa suma wajen gudu, ko wani na kusa a dangi ya yi mutuwar fuju'a kafin shekara 40, domin a nan ne ake buƙatar gwajin zuciya. Bayan an fara, ana auna nauyin ɗan shekara 10 zuwa ƙasa duk wata 3, tsawo duk wata 6, saboda maganin na rage cin abinci. Malamin da ya cika takardar farko shi zai sake cika wata bayan 'yan makonni, a kwatanta.

Methylphenidate na cikin magungunan da doka ta tsaurara a Saudiyya, da takarda ta musamman ake ba da shi. In za a tafi da shi hutu gida ko a dawo da shi, ya kasance cikin kwalinsa na asali, tare da takardar maganin da rahoton likita mai sunan yaron kamar yadda yake a fasfo, kuma daidai adadin kwanakin tafiyar. Kada a ba ɗan maƙwabta ya gwada, kada kuma a karɓi saƙon irinsa a kai wa wani ta filin jirgi.